Gadar sama kusa da rafi da fadama: me za a fara dubawa?

Malam, ka ce za a sake fasalin mahaɗar babban titi a Zariya, ga rafi da fadama a gefe.

Fara da hanyar ruwa. Je wurin a watan Agusta. Rafin da yaro ke tsallakewa da rani shi ke cin titi da damina. Fadama ce ke riƙe ruwan sama kafin ya gangara kogin Kubanni ko na Galma. In aka cike ta da jar ƙasa, ruwan gidajen mutane zai nufa, masu noman rani kuma su tashi a tutar babu. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne ƙaramin kwalbati, wanda leda da yashi ke toshewa.

Dokar 1992 ta wajabta binciken tasirin muhalli kafin manyan ayyukan titi. Lissafin girman kwalbati kuwa, nemi injiniyan ruwa. Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) na da sashensu.