Shin DMX ya kammala kundin Exodus kafin rasuwarsa?

Tambaya: Edita, don Allah a yi mini bayani kan kundin Exodus na mawaƙin gambarar nan na Amurka, DMX. Shi ya rera waƙoƙin, ko kuwa tarkace aka harhaɗa bayan rasuwarsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, muryarsa ce, kuma ya naɗi waƙoƙin tun yana raye. DMX, wanda sunansa na yanka Earl Simmons, ya rasu ranar 9 ga Afrilu 2021 yana da shekara 50, sannan kamfanin Def Jam ya fitar da Exodus ranar 28 ga Mayu, tsohon abokin aikinsa Swizz Beatz ne ya jagoranci haɗa shi.

Wanda ya saba da kakkausar muryar nan mai kama da haushin kare, wadda ta fito da shi daga unguwannin birnin Yonkers na jihar New York a 1998, zai tarar da ita a nan, sai dai ta ɗan dushe, kuma nadama ta fi barazana yawa a bakinsa. A ganinmu baƙin mawaƙan da aka gayyato, irin su Jay-Z da Nas da Bono, sun yi yawa har sun rage masa fili. Da addu'a aka rufe kundin, kamar yadda ya saba.