Shin kula da mazaunin namun daji yana ceto su kuwa?

Malam, ka tambaya ko akwai hujjar cewa gyara da tsare mazaunin namun daji yana amfani, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai. Hujja kam akwai, sai dai ba kowace dabara ce ke ci ba.

A 2024 mujallar Science ta wallafa wani nazari da ya tattaro bincike 186 daga sassan duniya. A kusan kashi biyu cikin uku na gwaje-gwajen, matakan kariya sun inganta halin da halittu ke ciki, ko sun rage saurin ƙarewarsu. Cikin waɗanda suka fi tasiri akwai kawar da baƙin dabbobi da suka mamaye wuri, musamman a tsibirai. Dubi tsibirin Jojiya ta Kudu da ke kudancin tekun Atlantika. Ɓerayen da jiragen ruwa suka kai can sun daɗe suna cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye masu sheƙa a ƙasa. Aka watsa guba da jirage masu saukar ungulu, a 2018 aka tabbatar babu sauran ɓera, tsuntsayen suka fara farfaɗowa.

Akwai kuma inda aka sha wahalar banza. A Ingila an ɗaura wayoyi a saman manyan tituna don jemagu su bi su tsallaka. Da aka zo dubawa, yawancinsu ko kallon wayoyin ba su yi ba, suna bin tsohuwar hanyarsu daidai tsayin motoci.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, sau da yawa ana gama aiki ba a komawa a ƙirga dabbobin. In wata dabara kake son tantancewa, duba rumbun Conservation Evidence na Jami'ar Kambirij a intanet.