Yini ɗaya a Osaka: me zan ci, ina zan yi sayayya?

Tambaya: Salamu alaikum. Zan raka maigidana taro a Osaka ta ƙasar Japan, yini ɗaya tak zan samu na kaina. Ina so in ci abincinsu kuma in yi tsaraba, amma tsoron naman alade ya hana ni sakat. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kai ku lafiya. Shawarata ta farko kar ki ce sai kin zaga garin duka, ki hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin Midosuji ki sauka a Namba ki ƙare yinin a nan, don kasuwa da abinci da shaguna duk a ƙafa ake kai musu.

Kalaci ki shiga ƙananan kantuna irin 7-Eleven ko Lawson ki ɗauki onigiri, wato curin shinkafa naɗe da ganyen teku, mai kifi ko kuma mai gishiri zalla. Ki sa kyamarar fassara ta waya a bayan ledar, kuma ki haddace wannan alamar 豚, ita ce alade.

Wajen ƙarfe goma ki nufi kasuwar Kuromon kusa da tashar Nippombashi, doguwar rumfa ce mai rufi cike da masu kifi. Za ki ga an jera jatan lande manya da ƙaguwa a kan ƙanƙara, ki nuna wanda kike so a gasa miki nan take a gabanki, ki ce gishiri kawai. Tunda mu a mazhabar Malikiyya kayan teku duk halal ne, a nan hankalinki zai fi kwanciya. Sai dai farashin na 'yan yawon buɗe ido ne, ki ɗan ɗanɗana kawai kar ki cika ciki. Kuma su ba sa son ci ana tafiya, a tsaya gefen rumfar a cinye a miƙa wa mai shagon takardar don kwandon shara wuyar gani yake a titi.

To ga inda nake so ki natsu. Yawancin mutane nama kawai suke dubawa, alhali matsalar a romo da miya take ɓuya. Taliyar ramen da kike gani a bidiyo, mai farin romon nan da ƙashin alade ake dafa shi, ko wadda aka ce ta kaza ce ana iya ɗora mata yankan alade a sama. Okonomiyaki, wainar kabejin da Osaka ke taƙama da ita, asalinta da alade ake yi, ko kin ce a sa miki kayan teku a kan ƙarfe ɗaya ake soyawa. Sannan akwai mirin da sake, giyar shinkafa ce da suke zubawa a miya kamar ba komai ba, har miyar da ake shafa wa gasasshen kifi. Don haka abincin rana ni dai ba zan ce ki yi cacar sa'a ba, ki nemi gidan abinci mai takardar shaidar halal, akwai su a kewayen Namba, wasu har ramen da naman shanun wagyu suke yi, ki duba a waya tun dare ki tabbatar a buɗe suke. Akwai kuma ɗakin sallah a cikin rukunin shagunan Namba City, ki tambayi teburin bayanai.

Takoyaki kuwa tun 1935 ake yinsa a garin, ƙullu ne a kasko mai ramuka sak tandar masa, a jefa gutsuren halittar tekun nan mai hannu takwas a ciki, ana juyawa da tsinke har ya zama ƙwallo. Ki tambayi abin da ke cikin ƙullun da baƙar miyar sama, in ba su gane ba ki haƙura da shi.

Bayan azahar sai sayayya. Doguyasuji ɗan gajeren layi ne na kayan kicin zalla, kuma wallahi nan ne tsarabar da za ki daɗe kina mora, wuƙaƙen garin Sakai da ke maƙwabtaka, kwanuka, kofunan shayi. Wuƙa dai in za ki hau jirgin sama a babbar jaka za ta shiga ba ta hannu ba. Daga nan Shinsaibashi-suji, wajen mita 600 na shagunan kaya da na kwalliya, sai kantin Daiso inda yawancin kaya yen 110 ne, nan za ki sallami yara da maƙwabta. Size ɗinsu ƙanana ne, takalmi da santimita suke aunawa, ki gwada kafin ki biya. Ba a ciniki, ba a ba ma'aikaci ɗan goro.

Kayan wuta ki yi hattara, wutar Japan volt 100 ce tamu 230, tukunyar shinkafa mai kyau ki kawo ta gida ki jona ta ƙone. Ki nemi wadda aka rubuta 220 zuwa 240 a jiki. Ki fita da fasfo ɗinki saboda rangwamen harajin kashi 10 in sayayya ta kai yen 5,000, amma daga Nuwamba 2026 tsarin shi ne a biya cikakke a karɓi harajin wajen fita ƙasar. Ki riƙe tsabar yen ma, ƙananan rumfuna ba duka ke karɓar kati ba.

Da magariba ki je unguwar Dotonbori ki ga fitilu da allon tallar kamfanin Glico daga kan gada, cunkoson ba wasa ba ne. In kin gaji ki sauka ƙasan babban kantin Takashimaya da ke Namba, hawan abinci ne gaba ɗaya, ki sayi ganyen shayi da 'ya'yan itace ki wuce masauki.