Na cinye kilomitar motar haya tun shekara ba ta cika ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karɓi mota haya ta shekara uku daga wani kamfani a Ikeja da ke Legas, aka rubuta kilomita 20,000 a shekara. Ina zaune a Agege, harkata kuma tsakanin Mile 12 da Apapa take. Wata goma kacal na ci 24,000. Ana iya ƙara adadin, ko sai dai in jira tara?
Ɗan kasuwa, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ana ƙarawa, amma sai da yardar kamfanin, kuma sun fi sauraron wanda ya je da wuri.

Kafin ka je, ɗauki alƙalami. Kana cin kilomita 2,400 a wata. A haka, wata 36 zai kai ka 86,400, alhali 60,000 aka ba ka. Rarar 26,400 ke nan. Duba takardar, akwai kuɗin da aka yanka wa kowace kilomitar da ta haura. Mu ƙaddara naira 100 ce: ranar mayar da mota za a miƙo maka lissafin naira miliyan biyu da dubu ɗari shida da arba'in, a biya nan take. Wannan adadin ne ma'auninka. Ka nemi su rubuto maka sabon kuɗin wata a kan 30,000 a shekara, ka ninka ƙarin da aka yi sau 26, watannin da suka rage. In bai kai tarar ba, karɓi. Dole kuɗin wata ya tashi, domin motar da ta sha hanya darajarta faɗuwa take ranar da za su sayar, kuma wannan faɗuwar ce kake biya tun farko.

Inda mutane suka fi zamewa shi ne sabon adadin: daga ranar da aka fara haya zai fara aiki, ko daga ranar gyara? In daga ranar gyara ne, rarar da ka riga ka ci tana nan tana jiranka. Tambayi kuma ko duk shekara suke ƙirgawa ko sai ƙarshen wa'adi. In na duk shekara ne, kana cikin tara tun yanzu. Duk abin da aka daidaita a rubuta shi a maƙala wa yarjejeniyar, da sa hannun ɓangarori biyu. "Ba komai, Alhaji" a waya ba hujja ba ce, jami'in na iya barin aiki gobe.

In motar tokumbo ce daga Amurka, leƙa agogon ƙirga tafiyarta da kyau, wataƙila mil yake ƙirgawa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato 24,000 ɗinka sun haura 38,000.

Kada ka manta da Sallah. Zuwa Kano da dawowa ya kai kilomita 2,000, ka sa shi a lissafi. Amma kada ka zari abin da ba za ka ci ba, ba kasafai ake mayar da kuɗin ragowar ba.

Bakaniken da zai ce ya iya juya agogo baya kuwa, rabu da shi. Takardun sabis suna ɗauke da adadin kowane zuwa, motocin haya da yawa kuma akwai na'urar bin diddigi a jikinsu. In aka gano, zancen ya tashi daga tara ya koma zamba.