Majalisa ko Shura: Wane Suna Ya Dace da Dattawan Kasuwarmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan kasuwar Mile 12 ne a Legas, layin albasa. Mun zaɓi dattawa bakwai su riƙa sasanta dillalai da masu kawo kaya daga Arewa, muka sa musu Majalisar Dattawa. Wani ɗalibi a cikinmu ya ce majalisa kalmar tsarin Turawa ce, Shura za a ce. Wani kuma ya ce Shura ta halifofi ce, ba ta masu albasa ba. Har wasu sun daina biyan kuɗin ƙungiya. Ina gaskiyar take?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, duka sunayen biyu halal ne, kuma duka masu musun sun yi kuskure.

Majalisa Larabci ce tsantsa. Daga "jalasa" take, wato ya zauna. "Majlis" wurin zama, jam'insa "majalis". Tana cikin Alƙur'ani, Suratul Mujadala aya ta 11, inda Allah ya umarci muminai su buɗa wa juna wurin zama. Wanda ya yi allo da ruwayar Warshu "fil majlisi" ya haddace, mai Hafsu kuwa "fil majalisi". To kalmar da Allah ya ambaci zaman Manzonsa (SAW) da ita, ta yaya za ta zama ta Bature? Daga wurin zama ma'anar ta faɗaɗa zuwa mutanen da ke zaune, sannan zuwa masu yanke al'amarin jama'a. A Kano, tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, akwai Tara ta Kano, manyan da sarki ke zama da su. Da tsarin zaɓe ya zo, kalmar fada aka ɗauko aka liƙa masa: ta Dattawa mai mutum 109, ta Wakilai mai 360, da ta jihar Legas da ke Alausa mai 40. Masu tsarin zaɓen su suka ara a wurinmu. Ko da ma baƙuwar kalma ce, Sayyidina Umar ya kafa "diwan", wato rajistar hukuma, kalmar Farisa, babu Sahabin da ya hana. Malamai suna cewa ba a jayayya a kan isɗilahi, wato sunan da mutane suka yarda su sa wa abu.

Shura kuwa sunan aiki ce, ba sunan wuri ba, tushensu ɗaya da "shawara". Masana lugga suna danganta ta da ɗebo zuma daga amya, wato a tsamo ra'ayi mai daɗi daga inda ya ɓuya. Gaskiya ne Umar, da aka soke shi a shekara ta 23 bayan Hijira, ya bar al'amarin zaɓen halifa a hannun mutum shida: Usman, Ali, Ɗalha, Zubairu, Sa'adu da Abdurrahman bn Auf. Amma aya ta 38 a Suratush Shura siffar muminai gaba ɗaya ce. Kai, a Baƙara aya ta 233 har yaye jariri Allah ya rataya shi a kan shawarar miji da mata. In yaye ya cancanci shawara, buhun albasar da ya ruɓe a mota tsakanin Aliero ta jihar Kebbi da Legas, aka rasa wanda zai ɗauki asara, shi ma ya cancanta.

Abin da nake ji muku tsoro daban ne. Na taɓa zama a wani taro da aka kira shura; shugaba ya shigo da hukuncinsa a rubuce cikin aljihun riga, wani tsoho ya ɗaga hannu har sau uku ba a dube shi ba, aka shafa fatiha aka watse. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar. In za ku ɗauki sunan Shura, wajibi ne a saurari mai kaya kamar yadda ake sauraron dillali, kuma dattijon da yake da hannu a ciniki ya janye daga hukuncinsa.

Ku bar sunan da kuka fara da shi, tunda an saba. Waɗanda suka riƙe kuɗi su biya, domin sharaɗi ne da suka amince da shi, kuma ya zo a hadisin Abu Dawuda cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ɗalibin nan kuma a gyara masa a keɓe, kada a kunyata shi a gaban rumfa.

Wallahu a'alam.