Yawon jirgin ruwa da Hajiya: a duba biza kafin a zaɓi kamfani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx ta birnin New York da maiɗakina da 'ya'yanmu uku. Ni da ita fasfon Najeriya gare mu da girin kad (katin zaman dindindin a Amurka), yaran kuma a nan aka haife su. Mahaifiyata ta zo daga Kano da bizar ziyara, ina so mu kai ta yawon mako guda a jirgin ruwa kafin ta koma. Tsakanin Carnival, Royal Caribbean, Norwegian da MSC, wanne ya fi arha, wanne ne abincinsa zai yi mana, wanne kuma ya fi kula da mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya saka maka da alheri da wannan niyya, Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Sai dai kafin ka buɗe shafin kowane kamfani, ɗauko fasfonta ka buɗe wurin bizar Amurka. Akwai gurbin da ke nuna yawan shiga. In harafin M ne a wurin, tana iya fita ta dawo muddin bizar ba ta mutu ba. In S ne ko lamba 1, bizar ta gama aikinta ranar da ta sauka a filin jirgi. A Yulin 2025 yawancin bizar ziyara da Amurka ke ba 'yan Najeriya ta koma ta shiga ɗaya mai wa'adin wata uku, don haka wannan ba tambayar banza ba ce. Jirgin da ya tashi daga New York ya tsaya Bahamas ko Bermuda ya fita ƙasar, dawowarsa kuma sabuwar shiga ce. Ma'aikatan tasha ba za su bar mai bizar shiga ɗaya ta hau ba, kuma kamfani ba ya mayar da ko sisi ga wanda aka hana hawa saboda takardu.

Dalilin da ya sa kusan kowane jirgi sai ya taɓa wata ƙasa, wata doka ce ta 1886 da ta hana jiragen da ke ɗauke da tutar waje jigilar fasinja tsakanin tashoshin Amurka kai tsaye, ga shi manyan jiragen nan yawancinsu a Bahamas, Panama ko Malta aka yi musu rajista. Shi ya sa jirgin Alaska da ke tashi daga Seattle yake tsayawa Victoria ta Kanada, ko da na 'yan sa'o'i ne. Kai da maiɗakinka girin kad da fasfo sun ishe ku Kanada, amma Hajiya sai da bizar Kanada, ko da ta ce ba za ta sauko daga jirgin ba. Babban jirgi ɗaya ne ya kuɓuta daga wannan: Pride of America na Norwegian, mai tutar Amurka, wanda ke zagaya tsibiran Hawaii daga Honolulu kowane mako. In bizar Hajiya ta shiga ɗaya ce, shi ne mafita, amma yana da tsada, ga kuɗin jirgin sama na mutum shida.

Ku biyun, Bahamas da Meksiko suna karɓar mai girin kad da fasfonsa ba tare da biza ba a gajeriyar ziyara. Ainihin katin za ku riƙe, ba hotonsa a waya ba. In ya mutu kuna jiran sabo, ku haɗa shi da takardar I-797 da ta tsawaita wa'adinsa. Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa, in kuwa ya kusa ƙarewa a nufi ofishin jakadanci tun yanzu, don sabuntawa ba ta kwana biyu ba ce. Yaran, takardar haihuwa ta isa a tafiyar da ta tashi ta dawo tasha ɗaya, amma a yi musu fasfo: in rashin lafiya ta sa dole a hau jirgin sama daga Nassau, babban birnin Bahamas, takardar haihuwa ba ta da amfani. Ga sauran masu karatu kuma, duk wanda takardar neman zamansa ko ta mafaka ke hannun hukuma bai kamata ya taka jirgin nan ba sai da izinin fita da ake nema da fom I-131, bayan ya ji ta bakin lauyansa.

Mu ɗauka bizar Hajiya M ce, kuma ka rubuta wa kamfanin da sunan kowace tasha an tabbatar maka a rubuce abin da mai fasfon Najeriya ke bukata. Yanzu a zo maganar kuɗi.

Farashin da kake gani na mutum ɗaya ne bisa lissafin mutum biyu a ɗaki. Yawancin ɗakuna mutum huɗu suke ɗauka, ku kuwa shida ne, saboda haka ɗaki biyu. Kada ka ba Hajiya ɗaki ita kaɗai, za a caje ka kusan kuɗin mutum biyu. Ka haɗa ta da jika ɗaya ko biyu, ka nemi ɗakuna masu ƙofa a tsakani, a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa-ƙasa, inda rawar teku ta fi sauƙi. Tun tsakiyar 2024 kamfanonin suna saka haraji da kuɗin tasha cikin farashin da suke tallatawa, amma ba sa saka tukuicin ma'aikata, wanda ake ɗora wa kowane kai a kowane dare. A 2025 yana tsakanin dala 16 da 20: Carnival da MSC a ƙasa, Royal Caribbean dala 18.50, Norwegian dala 20. A jirgin Royal Caribbean ke nan, mutum shida a dare bakwai dala 777. Wannan kuɗi wani ɓangare ne na abin da masu share ɗaki da masu kawo abinci ke aikawa gida, 'yan ci-rani ne irinmu daga Filifin, Indonesiya da Indiya, don haka ka sa shi a kasafi tun farko maimakon ka je kana neman a cire.

MSC ce ta fi yawan fitowa da farashi mafi ƙasa, kuma tana rage wa ƙananan yara tukuici. Amma a tsarinta mafi arha, wanda suke kira Bella, su ke zaɓa maka ɗaki, lokacin abincin dare ma wanda ya rage za a ba ka. Mai son ɗakuna biyu a manne dole ya hau zuwa Fantastica, daga nan ratar farashin ta ragu. Norwegian kuwa ta gina tallarta a kan garaɓasar giya da ake cewa kyauta ce, alhali ana biyan kuɗin hidima a kanta tun wajen yankan tikiti. Gidan da ba a shan giya ya cire wannan zaɓi da hannunsa kafin biya, in ba haka ba zai biya ɗaruruwan daloli a kan abin da ba zai taɓa ba. Carnival farashinta a fili yake, kuma abin da ke cikin kuɗin tikiti yana da yawa. Royal Caribbean ta fi su tsada a sababbin manyan jiragenta, amma tsofaffin sukan sauko kusa da Carnival.

Ruwa, shayi, kofi da lemon da ake zubawa a wurin cin abinci duk kyauta ne. Lemon gwangwani na kuɗi ne, da ƙarin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Carnival tana barin kowane fasinja ya shigo da gwangwani 12, Royal Caribbean 12 ga kowane ɗaki, Norwegian da MSC ba sa bari.

Abinci shi ne inda za ka fi bukatar shiri. Kada ka ɗauka naman da ke cikin jiragen nan yankan Musulmi ne. Kowane kamfani yana da sashen bukatu na musamman, ka rubuta musu kamar wata biyu kafin tafiya ka tambaya ko jirgin da ka zaɓa zai samar da naman halal, ka buga amsar a takarda ka tafi da ita. Amsar takan bambanta daga jirgi zuwa jirgi a kamfani ɗaya. In ba a samu ba, mako guda a kan kifi, jatan lande, ƙwai, shinkafa, taliya da kayan lambu ba yunwa ba ce. Abin lura shi ne ɓoyayyen abu: miyar da aka sirka da giya, wake ko ganye da aka dafa da guntun naman alade, romon da ba a san asalinsa ba, kek ɗin da aka jiƙa da barasa. A wurin ɗibi-da-kanka cokali yakan yi yawo daga wannan tire zuwa wancan. Shi ya sa babban ɗakin cin abinci ya fi muku. Daren farko ka sami shugaban masu hidima ka faɗa masa ba alade ba giya, daga nan za a riƙa kawo muku jerin abincin gobe tun yau, ku zaɓa a dafa muku daban.

A nan tsarin kamfanonin ya bambanta. A Carnival, Royal Caribbean da MSC kana iya samun tebur ɗaya, lokaci ɗaya da ma'aikata iri ɗaya duk mako, zuwa dare na biyu sun san Hajiya ba ta son salak mai sanyi, shayinta kuma da madara. Norwegian ba ta da tsayayyen lokaci, ka ci sa'ad da ka ga dama, wanda yana da daɗi ga mai yara, amma kusan kullum sabuwar fuska ce, kullum sai ka sake bayani. Ta fuskar ɗanɗano, harshen Bahaushe ya fi samun kansa a girkin Indiya mai yaji, kuma Carnival da Royal Caribbean duk suna yin sa a kai a kai, don da yawa daga masu girkin daga can suke. MSC ta yi fice a fiza, taliya da burodi, amma wanda ya saba da miya mai nauyi zai ji girkinta salam. Ka tafi da yaji a rufaffen mazubi. Kilishi da dambun nama a bar su a gida: ba a shiga da girkin gida, kuma kwastan na Amurka ba sa barin irin wannan nama ya shigo.

Kula da mutane kashi biyu ne. A cikin jirgi, ma'aikatan duka huɗun masu haƙuri ne, bambancin yana ga yawan jama'a da irin su. Gajerun tafiye-tafiye na dare uku ko huɗu, musamman na Carnival da kuma lokacin hutun ɗalibai a Maris, cike suke da kiɗa da shaye-shaye, ba wurin kai dattijuwa ba ne. Tafiyar dare bakwai iyalai suka fi yawa. A wajen jirgi, wato waya, gyaran suna da mayar da kuɗi, ana yawan kuka da MSC a kasuwar Amurka. Maganin wannan a kowane kamfani shi ne yankan tikiti ta hannun ejan ɗin da ya ƙware a jiragen ruwa. Kamfani ke biyansa, shi kuma zai bi maka sawu. Ka tabbata sunan Hajiya a tikiti ya zo harafi da harafi kamar na fasfo, don Aisha da Aishatu mutum biyu ne a idon kwamfuta. Ana kammala biya kwana 75 zuwa 120 kafin tafiya, bayan nan soke tafiya asara ce mai hauhawa.

A ganina, da yara uku da dattijuwa, Royal Caribbean daga tashar Cape Liberty da ke Bayonne a New Jersey ta fi dacewa: mota za ta kai ku, yara suna da wuraren wasa da masu kula da su kyauta, tsarin tebur ɗaya kuma zai sauƙaƙa maganar abinci. In kuɗi ya matse, Carnival ta dare bakwai. MSC sai in ratar ta kai ɗaruruwan daloli bayan ka lissafa da Fantastica. Ka sani kuma ƙarshen Agusta zuwa Oktoba ya fi arha ne saboda tsakiyar lokacin guguwa ne, ana iya canza tasha ba tare da diyya ba.

Asibitin jirgi na kuɗi ne, Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati, ba ta aiki a wajen Amurka, Hajiya kuma wataƙila ba ta da inshora ko kaɗan. A saya wa kowa inshorar tafiya mai ɗaukar kuɗin kwashe marar lafiya, a karanta abin da ta ce game da tsohon ciwo kamar hawan jini ko suga. Magungunanta su kasance a kwalinsu na asali cikin jakar hannu, da rarar kwana uku. In maiɗakinka na da juna biyu, ba a ɗaukar wadda za ta shiga mako na 24 kafin a dawo. Kaskon turaren wuta, dutsen guga da butar lantarki duk za a karɓe su a ƙofa, don wuta ce babbar abin tsoro a teku, amma ƙaramar butar roba da darduma ba mai hana su. Alƙibla tana juyawa da jirgi, talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna inda hancin jirgin ya dosa, da ita ake kwatance. Wayoyi a sa su a tsarin jirgin sama tun daga tashi, a sayi intanet na waya ɗaya don gaisawa da Kano ta WhatsApp.

In kun sauka yawo a tasha, agogon jirgi ake bi ba na gari ba, kuma jirgi yana jiran waɗanda suka fita da motar kamfani ne kawai. Daren ƙarshe ana ajiye akwatuna a bakin ƙofa ma'aikata su kwashe. Fasfo, girin kad da maganin Hajiya kada su shiga akwatin nan, don da safe jami'an shige da fice za su nemi takardu a hannunku.