An ce kwamiti ne wakilanmu, amma ban taɓa ganin su ba

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ce, shekarata shida ina zaune da iyalina a gidan haya a cikin birnin Zariya. Watan jiya na kai yarona ƙaramin asibitin mazaɓarmu, aka duba shi, aka rubuta magani aka ce mu je kemis mu saya. Da na yi ƙorafi sai wata ma'aikaciya ta ce in kai kukana wurin kwamiti, wai su ne wakilanmu. Wallahi ban taɓa jin akwai su ba. Wa ya zaɓe su? Mene ne bambancinsu da kansila da mai unguwa? Kuma mace 'yar haya irina tana da bakin magana a wurinsu?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaro lafiya, ya raya shi.

Kina da bakin magana, kuma ma'aikaciyar nan gaskiya ta gaya miki. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin saƙonki shi ne shekara shidan nan. Mutum ya yi shekara shida a unguwa, yana kai 'ya'yansa rigakafi, bai taɓa jin sunan waɗanda ake cewa suna magana da yawunsa ba, laifin ba nasa ba ne. Na kwamitin ne. Na daɗe ina zama da irin waɗannan kwamitoci, kuma wannan ita ce cutar da ta fi kama su.

Ƙofofi uku ne a gabanki, mutane kan haɗa su wuri ɗaya alhali kowace da inda take ɓullewa. Ta farko ta sarauta ce: mai unguwa, sama da shi dagaci, sai hakimi, har a kai ga fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau. Ba da ƙuri'a ake ɗora su ba, kuma ba su riƙe da kasafin kuɗi. Ƙarfinsu sanin mutane ne da sulhu da shaida. In rikicin iyakar gida ya taso, ko ana neman wanda zai ce ya san ki, nan ake zuwa. Ta biyu kansila, wanda aka zaɓa da ƙuri'a. Ƙaramar hukumar Zariya mazaɓu 13 gare ta, irin su Kwarbai A da B, Kaura, Limancin Kona, Unguwar Juma, Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur da Kufena, kowace da kansilanta. Shi ke zama a majalisar da ke duba kasafin ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara, ya kuma ba su hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya.

Ta uku ita ce wadda aka tura ki, wato kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ma'aikatan lafiya ke kira WDC. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, wadda aka kafa a 1992, ita ta shimfiɗa tsarin da ya mai da mazaɓa tushen aikin lafiya, da sharaɗin kowace mazaɓa ta sami kwamitin mutanen gari da zai tsaya tsakanin asibiti da jama'a. Jihar Kaduna mazaɓu 255 gare ta, don haka ba ƙaramin tsari ba ne. 'Yan kwamitin ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba su da albashi, sa kai suke yi. Ƙa'ida ta ce su zauna duk wata, su ji koken jama'a, su sa ido a kan magani da kayan aiki da zuwan ma'aikata, su taimaka wurin rigakafi da tsabtar muhalli da ruwan sha. Makarantun firamare ma suna da irin nasu, kwamitin gudanar da makaranta, inda iyaye ke da kujera.

Akwai abin da yawancin mutane ba su sani ba, shi ne ya sa nake ɗaukar kwamitin nan da nauyi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa wani asusu da ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko. Wani kaso na kuɗin yana shiga kai tsaye asusun bankin ƙananan asibitocin da aka tantance. A wannan tsari, in-cajin asibiti ba ya cire kuɗi shi kaɗai, sai shugaban kwamiti ya sa hannu tare da shi. Kin ga ke nan mutumin da ba ki san sunansa ba, alƙalaminsa na kan kuɗin da za a gyara rufi, a sayi magani, a biya mai shara. In asibitinku na cikin masu karɓa, tambayar inda kuɗin ya tafi haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne.

To wa ya zaɓe su? A takarda, jama'a. Kowace unguwa ko ƙauye na fitar da wakili, a haɗa da wakilan mata da matasa da malaman addini da masu sana'a da in-cajin asibiti, su zaɓi shugaba a tsakaninsu, masu sarauta kuma su zama iyayen tafiya. A aikace, abin da na sha gani daban ne. Takarda takan iso ana neman sunaye kafin ranar kaza. Mai unguwa ya zauna a zaurensa bayan sallar la'asar, ya rubuta waɗanda ke zaune a gabansa. Ba mugunta ba ce sau da yawa, gaggawa ce da sabo. Sai dai wa ke zama a zauren mai unguwa bayan la'asar? Dattawa maza masu gidan kansu, waɗanda aka haifi kakanninsu a cikin ganuwa. Matar da ke kan keken ɗinki ba ta wurin. Ɗan hayar da ya fita tun asuba zuwa kasuwar Sabon Gari ba ya wurin. Ɗalibin da ya kama ɗaki a unguwar ba ya wurin. Daga baya sai a tuna ƙa'ida ta ce a sa mata, a rubuta sunan matar wani ko ƙanwar wani, wadda ƙila ba a ma gaya mata ba.

Na taɓa halartar zaman wani kwamiti a nan ƙasar Zazzau, a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya da ke harabar asibiti. Benci uku, maza sun cika biyu da rabi, mata biyu a can gefe kan tabarma. An kwashe kusan sa'a guda ana maganar fentin katanga da allon suna. Har an ɗaga hannu za a yi addu'ar tashi, sai wata tsohuwar ungozoma ta ce a gafarce ta. Ta ce ƙofar banɗakin ɗakin haihuwa ta cire tun kafin damina, zani ake ratayawa, kuma saboda haka wasu matan sun gwammace su haihu a gida. Wurin ya yi tsit. Babu namiji ɗaya a kan bencin nan da ya taɓa leƙa ɗakin, don haka babu wanda ya sani. Kafin sati ya zagayo an kira kafinta, kuɗin da aka kashe bai kai na gwangwanin fenti biyu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ƙaramin asibiti masu ɗakin mata ne da yara. Tun ranar nan, duk kwamitin da na je, kafin in kalli ajandarsu sai na fara duba waɗanda ke zaune da waɗanda babu.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa ai ƙofarmu a buɗe take, wanda ya ga dama ya zo ba. Buɗe ƙofa daban, gayyata daban. Kwamitin da ke son jama'a da gaske yakan tsai da rana guda da kowa ya sani, a ce Asabar ɗin farko ta kowane wata, ba ya canza ta don shugaba ya yi tafiya. Yakan liƙa sunayen 'ya'yansa a bangon asibiti da Hausa, inda mai jiran layi zai karanta. Yakan sa a yi sanarwa a masallaci, a coci inda akwai, a Islamiyyar matan aure, da ranar awon ciki da ranar rigakafi, waɗanda su ne taron mata mafi girma a kowace mazaɓa ba tare da an aika goron gayyata ba. Rukunin WhatsApp yana da amfani, amma wadda ba ta da babbar waya ko kuɗin data ba ta cikinsa. Wurin zama ma magana ne. Zaure na maza ne, kowa ya sani. Ajin firamare ko harabar asibiti na kowa ne. Lokaci kuma, in aka sa shi daf da magariba, an sallami duk mai tukunya a wuta.

Batun haya kuwa, kada ya sa ki ja baya. Wakilcin na mazauna ne, ba na masu takardar gida ba. Sauron da ke tashi daga kwatar layinku ba ya tambayar wanda ya mallaki ɗaki. Batun kasancewarki mace kuma, garin da kike zaune yana da tarihi a kai. Hajiya Gambo Sawaba a nan Zariya ta sha duka da ɗauri saboda ta ce matan Arewa su ma su yi zaɓe, kuma sai a 1979 suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa. Yau babban asibitin da ke Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. Duk lokacin da na wuce ta wurin nakan tuna cewa kujerar da ake ba mata a kwamiti ba kyauta ba ce.

Yanzu ga abin yi. Koma asibitin a ranar da ba cunkoso, ki nemi ganin in-caji, ki gaishe shi ko ita da mutunci, ki tambayi sunan shugaban kwamiti da wakiliyar mata da ranar zama na gaba. Ki kuma sa maigidanki ko wani babba ya sanar da mai unguwa cewa za ku je, don a garin nan wanda ya tsallake iyayen ƙasa yakan tarar da ƙofar gaba a rufe. Kada ki tafi ke kaɗai. A cikin masu kawo miki ɗinki ba za a rasa huɗu ko biyar da aka taɓa turawa kemis ba. Ku rubuta kokenku a takarda ɗaya, gajere: ranar da kuka je, maganin da aka ce babu, abin da kuka kashe a waje. Ku yi kwafi biyu, sakatare ya sa hannu a ɗaya ya mayar muku. Ku roƙi a shigar da maganar cikin littafin zama, da sunan wanda aka ɗora wa bin ta da ranar da zai kawo amsa. Wannan littafin shi ne rayuwar kwamiti. Maganar da aka yi da baki takan bi iska, wadda aka rubuta kuwa za a karanto ta a zama na gaba ko ana so ko ba a so.

Ina roƙonki ki je da tambaya, ba da hukunci ba. Rashin magani yana da dalilai da yawa. Wani lokaci kuɗin ne bai iso kan lokaci ba. Wani lokaci maganin ba ya cikin waɗanda ake ajiyewa a ƙaramin asibiti. Wani lokaci an sayar da na baya ba a mayar da kuɗin an sayo wani ba, jarin ya narke. Wani lokaci kuma, gaskiya, akwai hannun da bai kamata ba. Littafin shigar magani da fitarsa shi zai raba gardama, kuma 'yan kwamiti suna da ikon duba shi. Ma'aikatan da ke wurin sau da yawa su ma a matse suke, mutum biyu na aikin mutum shida, kuma sukan yi murna in jama'a suka taya su kuka.

Akwai iyakar da kwamiti ba ya wucewa. Ba ya ɗaukar ma'aikaci, ba ya korarsa, ba ya ba da kwangilar gini. In buƙatar ta fi ƙarfin asusun asibiti, kamar ƙarin ungozoma ko rijiyar burtsatse ko babbar magudanar ruwa, aikinsa ya rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ya ba kansila kwafi, ya yi ta bibiya. Jihar Kaduna tana da tsarin da al'umma ke jera buƙatunsu a rubuce bisa fifiko domin a duba su lokacin tsara kasafi. Shekarar kasafi daga Janairu take farawa, ana kuma haɗa shi tun watannin ƙarshen shekarar da ta gabata, don haka buƙatar da aka kai a Fabrairu ta makara. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, abin da ya ƙara wa jama'a hujjar tambayar shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma tana nan, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa rubutacciyar buƙata, sai dai ban so ki fara da ita ba. A unguwa, gaisuwa da takarda mai sa hannu sukan gama abin da wasiƙar lauya za ta dagula.

In kuma kika tarar kwamitin suna ne kawai, ba a zauna ba tun bara, ku nemi in-caji da mai unguwa su kira taron mazauna a sabunta shi, a fili, da sanarwar aƙalla sati biyu. Idan aka zo kujerar mata aka fara waige-waigen wa za a rubuta, ki miƙe ki faɗi sunanki. Shagon tela wuri ne da labarin kowane gida ke biyowa, kin fi yawancin masu zaman bencin sanin abin da ke damun matan layinku. Ki tanadi littafi ɗan ƙarami kusa da keken, duk wadda ta kawo ɗinki ta ambaci asibiti ki rubuta ranar da abin da ya faru, ki tafi da shi zaman wata mai zuwa.